Motarka Ba Ma'ajiyar Bindiga Ba Ce: Ka Daina Yarda Da Maganaɗisun Dashbod

Yau magana ce ta musamman ga 'yan uwanmu mazauna Amurka, musamman masu kwana a kan titi: direbobin tirela, masu kai kaya gida-gida, masu aikin gadi, da masu shago da ke tashi cikin dare. Da yawansu sun mallaki ƙaramar bindiga bisa doka, kuma tambayarsu ɗaya ce: ta yaya zan ajiye ta a mota yadda hannuna zai kai gare ta da sauri, amma hannun wani ba zai kai ba?

Kafin mu shiga, kai da kake karantawa daga Kano ko Gusau, ka sani dokar mallakar makamai ta Najeriya ta 1959 ta saka fistol cikin jerin makaman da aka haramta wa mutum riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa. Saboda haka wannan rubutu ba izini ba ne gare ka. Amma ka ci gaba da karantawa, don abin da za mu faɗa kan makullin zanen yatsa da akwatin ƙarfe zai yi maka amfani ko da kuɗi ko takardun fili kake ajiyewa.

To, ga matsayarmu tun daga farko, ba ɓoye-ɓoye. Babu wata na'ura guda ɗaya da za ta ba ka saurin ɗauka da cikakken tsaro a lokaci guda. Duk wanda ya sayar maka da ita a kan haka, ya sayar maka da ƙarya. Taura biyu ba sa taunuwa. Yanayi biyu ne daban: lokacin da kake cikin mota, da lokacin da ka fita ka bar ta. Kowane da nasa maganin. Kana ciki, bindiga tana jikinka cikin kubenta. Ka fita, ko dai ta bi ka, ko ta shiga akwatin ƙarfe mai makulli da aka ɗaure da jikin motar. Duk abin da ke tsakanin waɗannan biyun, wato maganaɗisu, aljihun dashbod, ƙarƙashin kujera, aljihun ƙofa, wurin ajiye kofi, sakaci ne da aka yi wa kwalliya.

Maganaɗisun da ake tallata maka

Ka san shi. Wani ɗan baƙin falle ne mai roba a jiki, ana ɗaure shi da kusoshi biyu ko huɗu a ƙasan sitiyari, sai ka manna bindiga ta tsaya tsirara. A bidiyon talla za ka ga wani ƙato ya fizge ta cikin ƙiftawar ido, kiɗa na tashi. Farashinsa bai kai kuɗin man mako ɗaya ba. Kai kuma ka ce ai ka samu banza.

Bari mu yi lissafi kaɗan. A jikin kwalin za ka ga an rubuta cewa yana riƙe nauyin fam 35 ko makamancin haka, wato wajen kilo 16. Wannan lamba ana auna ta ne idan an ja ƙarfe kai tsaye, daga fuska zuwa fuska. Amma idan abu ya zame ta gefe, ƙarfin riƙon maganaɗisu yana raguwa sosai. Ka gwada da wanda ke jikin ƙofar firij ɗinka: ɓamɓaro shi yana da ɗan wuya, amma zame shi gefe ko yaro zai yi. Yanzu ka ɗauki bindiga cike da harsashi, nauyinta kusan kilo ɗaya. Idan mota tana tafiyar kilomita 50 a awa ta daki wani abu ta tsaya cak, duk abin da ke cikinta nauyinsa yana iya ninkuwa sau ashirin ko fiye na ɗan wannan lokacin. Kilo ɗaya ya zama ashirin. Ko da lambar da ke jikin kwalin gaskiya ce, ta riga ta gaza. Bindigar za ta tashi kamar dutsen da aka harba da gwafa, ta faɗa ƙarƙashin birki, ko ta daki wanda ke kusa da kai, ko ta ɓace a inda ba za ka gan ta ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan muni: maganaɗisu ba ya rufe kunamar bindiga. Yawancin ƙananan bindigogin zamani irin su Glock ba su da wani maɓallin kulle na waje da za ka ɗaga ko ka sauke. Jan da bai wuce kilo biyu da rabi ba ya isa ta tashi. Kana cikin firgici, cikin duhu, hannunka na rawa, kana lalube a ƙasan sitiyari, kuma bakin bindigar yana kallon gwiwarka ko ƙafar matarka. Wannan kake kira shiri?

Idan kana ganin kai gwani ne, ba za ta kuɓuce maka ba, ga labarin waɗanda suka fi ka horo. Ranar 11 ga Afrilu 1986, a Miami ta jihar Fulorida, jami'an FBI takwas suka tare wasu 'yan fashin banki biyu a mota. Ɗaya daga cikin jami'an, Richard Manauzzi, ya zare bindigarsa daga kube ya ajiye a kan kujera don ta fi saurin ɗauka. Da motoci suka yi karo, bindigar ta tashi, bai sake riƙe ta ba har aka gama musayar wutar. Wani abokin aikinsa, John Hanlon, shi ma tasa babbar ta kuɓuce a karon, sai da ƙaramar ko-ta-kwana ya yi faɗa. A ranar jami'ai biyu suka mutu, biyar suka ji rauni. Har yau masu koyar da harbi suna kawo wannan misali. Mutumin da ya fitar da bindigarsa don ta fi kusa, shi ne ya rasa ta a daidai lokacin da ya fi bukatarta. Ka riƙe wannan.

Ƙarƙashin kujera, hanyar da ke kai bindiga hannun yaro

Wasu kuma suna cewa su ba ruwansu da na'ura, tura ta kawai suke yi ƙarƙashin kujerar direba. Malam, ƙasan kujera buɗe yake gaba da baya. Ka taka birki ta zamo gaba, ka taka totur ta koma baya. Waye ke zaune a baya? Ɗanka.

A watan Maris 2016, a Fulorida, wani yaro ɗan shekara huɗu ya ɗauki bindigar da ta zamo daga ƙasan kujera, ya harbi mahaifiyarsa ta bayan kujera tana tuƙi. Ita ta rayu. Wata ɗaya bayan nan, a birnin Milwoki na jihar Wiskonsin, aka sake yin irinsa: yaro ɗan shekara biyu, bindiga ta zamo daga ƙasan kujerar direba, uwar mai shekara 26 tana kan babban titi. Ita ba ta rayu ba. Bindigar ta wani mai aikin gadi ce, wato mutumin da bindiga ce sana'arsa.

Kada ka ce ɗanka ƙarami ne, ba shi da ƙarfin ja. Yaro ɗan shekara biyu ya ja. Kada ka ce ka yi masa faɗa, ya san ba a taɓawa. Yaron da ka hana wasa da wayarka sau ɗari, ya daina? Bindiga a wurinsa wani abin wasa ne mai sheƙi da ya fito daga ƙasan kujera.

Aljihun dashbod fa?

Wannan shi ne wurin farko da ɓarawo ke buɗewa, na biyu kuma akwatin da ke tsakanin kujeru. Makullinsa, idan ma yana da shi, harshen roba ne da sukurudireba ke ɓallewa cikin daƙiƙa kaɗan. Ba mu kaɗai muke faɗa ba, doka ma ta san haka. Dokar tarayya ta 1986 da ta ba mutum damar ratsa jihohi da bindigarsa ta ce dole a cire harsashi, a sa ta inda ba a kai hannu daga wurin zama, idan kuma motar ba ta da but, a sa ta cikin akwati mai makulli wanda ba aljihun dashbod ba, ba kuma akwatin tsakiya ba. Dokar Kalifoniya ma ba ta lissafa aljihun dashbod a matsayin akwati mai makulli. Jihar Niyok tun 2022 ta ce wanda zai bar bindiga a mota ya cire harsashi, ya kulle ta a ma'ajiya ta musamman da ba a gani daga waje, kuma aljihun dashbod ba ya ciki.

Akwai kuma wani haɗari da ya shafe ka kai tsaye a matsayinka na baƙar fata a Amurka. Me kake ajiyewa a aljihun dashbod? Takardun mota da na inshora. Ɗan sanda ya tsayar da kai, ya ce kawo takardu, ka buɗe, bindiga ta bayyana a gaban hannunka. Me kake tsammani zai faru a cikin wannan daƙiƙar?

Ranar 6 ga Yuli 2016, a jihar Minesota, ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile, mai shekara 32. Yana da lasisin riƙe bindiga. Shi da bakinsa ya faɗa wa ɗan sandan cewa yana ɗauke da ita. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan aka yi harbi bakwai, ya mutu a asibiti jim kaɗan bayan haka, budurwarsa ta watsa abin da ya biyo baya kai tsaye a Facebook, 'yarta mai shekara huɗu tana baya. A 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Ba muna cewa Castile ya yi laifi ba ne. Muna cewa idan mutumin da ya bi doka haka ta same shi, kai kada ka ƙara wa kanka wani dalili. Takardunka su kasance nesa da bindigarka, misali a maƙale a abin kare rana na sama. Idan an tsayar da kai, kashe mota, kunna fitilar ciki idan dare ne, hannu biyu a kan sitiyari, kada ka miƙa hannu ko'ina sai ka faɗi abin da za ka yi an amince. Ka kuma san dokar jiharka: a wasu jihohi kamar Mishigan da Karolina ta Arewa, wajibi ne mai lasisi ya sanar da ɗan sanda cewa yana ɗauke da bindiga.

Su waye ke ba ɓarayi bindiga?

Yanzu mu zo kan maganar da masu bindiga ba sa son ji. A 2024 ƙungiyar Everytown, mai fafutukar tsaurara dokokin bindiga, ta fitar da nazarin da ta yi a kan alƙaluman FBI na birane 337. A shekarar 2022 kaɗai an kai rahoton sace bindigogi kusan 112,000 a waɗannan biranen, kuma fiye da rabi daga cikin mota aka ɗauke su. Shekara goma kafin nan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ake sacewa daga mota. A lissafinsu, duk minti tara ana sace aƙalla bindiga ɗaya daga mota a Amurka. Kana iya ƙin ra'ayin ƙungiyar, amma alƙaluman na 'yan sanda ne. Kuma wurin da aka fi sata ba filin ajiye motoci na kasuwa ba ne, ƙofar gida ce, inda mutum ya yi fakin ya shiga ya kwanta.

Birnin da ya fi kowa a wannan nazari shi ne Memfis na jihar Tenesi. A 2014 jihar ta ba mutane damar ajiye bindiga mai harsashi a mota ba tare da lasisi ba, ba ta kuma tilasta a kulle ta ba. Ɓarayi suka gane cewa fasa gilashin mota ya fi shiga gida sauƙi da riba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ina bindigar da aka sace take zuwa? Ba gidan tarihi ba. A ranar 1 ga Yuli 2015 harsashi ya kashe wata matashiya, Kate Steinle, tana tafiya da mahaifinta a bakin ruwa a San Faransisko. Bindigar ta wani jami'in gwamnatin tarayya ce, an sace ta daga motarsa kwana huɗu kafin nan. Bayan wannan da wasu irinsa, Kalifoniya ta yi doka a 2016 cewa duk wanda zai bar ƙaramar bindiga a mota, har da 'yan sanda, dole ya kulle ta a but ko a akwati mai makulli da ba a gani.

Za ka ce ai ɓarawo ne mai laifi, ba kai ba. Gaskiya ne, shi ya yi sata. Amma wanda ya ba kura ajiyar nama ba ya zuwa gaban alƙali yana kuka shi kaɗai. Ka sayi bindiga don ka kare iyalinka daga mugu, sai ga shi kai ne ka miƙa wa mugun makami, da harsashinsa, kyauta. Gobe idan aka tare wani mai kai kaya da ita, ko aka shiga shagon wani ɗan uwanka, lambar da ke jikinta sunanka za ta nuna.

Ga kuma masu manna sitika a gilashin baya, tambarin kamfanin bindiga ko hoton fistol da rubutun gargaɗi. Kana ganin tsoratarwa kake yi. Ɓarawon da ke zagaya layi ƙarfe uku na dare kuwa talla yake gani: akwai kaya a nan. Ɓare ta yau.

Hujjar masu cewa daƙiƙa ɗaya ma rai ce

Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ba za mu raina ta ba. Fashin mota gaskiya ne, kuma idan ya zo ba ya sallama. Bindigar da ke kulle a but ba za ta amfane ka a wannan lokacin ba.

Amma ka duba inda ake tare mutane: gidan mai, wurin cirar kuɗi, ƙofar gida, lokacin shiga mota ko fita. Idan kana tsaye kana zuba mai, bindigarka tana manne a ƙasan sitiyari, wa ta fi kusa da shi, kai ko wanda ya buɗe ƙofa ya zauna? Idan aka fizgo ka waje aka tafi da motar, an tafi da bindigar. Wadda ke ɗaure a ƙugunka kuwa duk inda ka je tana nan, a wuri ɗaya, hannunka ya saba da shi. Saboda haka ko a ma'aunin saurin ma, kube ya fi maganaɗisu. Kuma kada ka manta, idan kana bayan sitiyari inji na aiki hanya a buɗe, abin da ya fi saurin fitar da kai daga haɗari totur ne. Mota ana sake saye.

To me za ka yi? Mataki-mataki

Na ɗaya, kana cikin mota. Idan dokar jiharka ta ba ka damar ɗauka, bindiga ta zauna a jikinka cikin kube mai tauri, irin na roba mai ƙarfi da aka ƙera daidai da samfurin bindigarka, wanda ya rufe kunama gaba ɗaya kuma yake riƙe ta ko an kifa shi. Kube na yadi mai laushi da ake cewa yana shiga kowace bindiga, bar shi a shago. Ka zauna a motarka a gida, ka cire harsashi duka ka tabbatar sau biyu, ka ɗaura bel, ka gwada ko hannunka yana kaiwa ba tare da bakin bindigar ya bi ta kan cinyarka ba. Idan ba ya kaiwa, ka gyara wurin kuben. Kada ka cire bel don bindiga. Haɗarin mota ya fi ɗan fashi kusa da kai a kowace rana.

Na biyu, za ka shiga inda aka hana shiga da ita, kamar kotu, gidan waya, makaranta ko wurin aiki. Nan akwatin ƙarfe yake shigowa. Ka ciro bindigar tare da kubenta a haɗe, ka sa su ciki tare. Yawan zarewa da mayarwa a cikin matsatsin mota shi ke jawo harbin kuskure. Kada ka yi wannan a filin fakin inda idanu suke. Ka tsaya wani wuri kafin ka isa, ka gama, sannan ka ƙarasa. Ka kuma bincika, don wasu wuraren har filin fakin ɗinsu haramcin ya shafa.

Na uku, zaɓen akwatin. Ka duba kaurin ƙarfe. A ma'aunin Amurka, ƙaramar lamba ita ce mai kauri: lamba 16 wajen milimita ɗaya da rabi ce, lamba 10 ta haura milimita uku. Wanda ka danna murfinsa da babban yatsa ya lotsa, gwangwani ne. Ka duba ko akwai ratar da sukurudireba zai shiga a bakin murfin. Kafin ka biya, ka rubuta sunan samfurin a YouTube. Akwai masu gwada makullai irin su LockPickingLawyer da suka buɗe akwatunan bindiga da dama cikin daƙiƙoƙi. Gara ka gani a bidiyo da ka gani a motarka. Araha ba ta ado.

Na huɗu, ɗaurewa. Akwatin da ba a ɗaure ba jaka ce ka haɗa wa ɓarawo. Mafi ƙaranci, igiyar ƙarfe ta zagaya ƙafar kujera da ke ɗaure da ƙasan mota, ba sandar da ake ja a matsar da kujera ba. Ka sani almakashin ƙarfe yana yanke igiya, lokaci kawai take saya maka. Wanda ya fi shi ne a ɗaure da noti, ko irin ma'ajiyar ƙarfe da ake ƙerawa daidai da akwatin tsakiya na kowace mota, kamar na Console Vault. Idan za a huda ƙasan mota, a bar wa makaniki, don a nan bututun mai da na birki da wayoyi suke bi, a motar lantarki kuma batir ne shimfiɗe a wurin. Wayoyi masu kan rawaya da ke ƙasan kujera na jakar iska ne, kada a taɓa su.

Na biyar, ka rubuta lambar bindigar da samfurinta, ka ɗauki hotonta, ka ajiye a wani wuri da ba motar ba. Idan an sace, ka kai rahoto nan take. Wasu jihohin sun wajabta hakan cikin ƙayyadadden lokaci.

Na shida, kuma mafi muhimmanci: bindiga ba ta kwana a mota. Ko da akwatinka na dala nawa ne. Ka dawo gida, ta shiga ciki ta koma ma'ajiyarta.

Makullin zanen yatsa: a yi hattara

A nan za mu ɗan tsaya, don shi ne ya fi ruɗar masu son fasaha. Ka ɗora yatsa, murfi ya buɗe, abin sha'awa. Amma a watan Oktoba 2023 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta sanar da janye akwatunan bindiga masu zanen yatsa kusan 61,000 na kamfanin Fortress Safe. Matsalar ita ce mutum yana ganin ya yi rajistar yatsansa, alhali akwatin yana nan a yanayin da ya fito daga masana'anta, wanda kowane yatsa ke buɗewa. An ba da rahoton mutuwar wani yaro ɗan shekara 12 da bindigar da ya ciro daga irin wannan akwati. A Fabrairu 2024 aka sake janye wasu fiye da 120,000 na wasu kamfanoni, su ma saboda suna buɗe wa wanda ba shi da izini.

Wannan gefe ɗaya kenan, buɗe wa wanda bai kamata ba. Ɗaya gefen kuma ƙin buɗe wa mai shi. Gumi, maiƙo, ƙura, kaushin hunturu, duk suna rikita na'urar karanta yatsa. Mu da muka ga yadda na'urar tantance masu zaɓe ta yi ta ƙin amincewa da shugaba Jonathan a zaɓen 2015 ba ma bukatar dogon bayani. Ƙara da zafin mota da aka bari a rana da sanyin ƙanƙara na Minesota, duka biyun suna cinye batir.

Idan ka riga ka saya, yi wannan gwaji yau: bayan rajista, ka gwada da yatsan da ba ka yi wa rajista ba, ka ba wani babba a gidan ya gwada nasa, akwatin ba komai a ciki. Idan ya buɗe, ka daina amfani da shi. Ka maimaita gwajin duk lokacin da ka sauya batir. Makullin ko-ta-kwana da ke zuwa da shi kuma ya zauna a jikinka, ba a aljihun dashbod ba.

A ra'ayinmu, don mota, makullin dannawa mara batir irin na Simplex ya fi. Maɓallai biyar ne, kana iya dannawa cikin duhu ba ka kalla ba, ba ruwansa da zafi ko sanyi. Rauninsa shi ne haɗin lambobinsa dubu ɗaya ne da 'yan kai, wanda ya samu lokaci ya zauna zai iya gwada su duka. Shi ya sa ya dace da tsayuwar awa ɗaya, bai dace da kwana ba. Masu jefa AirTag cikin akwati kuma su sani, an ƙera shi ne ya sanar da wayar wanda ke tafe da shi, don haka ɓarawon ma zai samu saƙo. Ko ya nuna maka inda take, 'yan sanda za ka ba, kada ka bi da kanka.

Abu biyu da ke jefa 'yan uwa cikin matsala

Na farko, matsayin zamanka. Dokar tarayya ta hana wanda ke zaune ba bisa ƙa'ida ba mallakar bindiga, haka wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi. Jihohi 29 sun soke bukatar lasisin ɗaukar bindiga, amma wannan bai goge dokar tarayya ba. Kuskure a nan yana iya kai ka kurkuku, daga nan a sa ka a jirgi. Ka tambayi lauya, ba abokin hira ba. Kuma abin da ya halatta a Tekzas yana iya zama babban laifi da zarar ka shiga Niyok, direban tirela ya riƙe wannan da kyau.

Na biyu, Uber da Lyft duka sun hana direba ɗaukar bindiga yayin da yake aiki da manhajarsu, ko da jiharsa ta yarda. Fasinja ɗaya ya hango ta a ƙasan sitiyari ya kai ƙara, an rufe maka asusu. Kamfanonin tirela da yawa ma suna da irin wannan ƙa'ida. Ka karanta takardar aikinka.

Idan ka duba duk wannan ka ga ya yi maka yawa, kuɗin akwati, kuɗin kube, gwaji, sanin doka, ɗauka da mayarwa kullum, to amsar mai sauƙi ce: bar ta a gida a kulle. Babu wanda ya tilasta maka fita da ita. Amma idan ka zaɓi ka fita da ita, ka ɗauki nauyinta gaba ɗaya, ba rabin da ya yi maka daɗi ba. Ka fita yanzu ka duba motarka. Idan akwai maganaɗisu a ƙasan sitiyari, kwance shi ka kai gareji ka riƙa rataye sufana. Idan kana da ɗan uwa a can da ka san yana yawo da ita a ƙasan kujera, tura masa wannan rubutu kafin ya sake ɗaukar yara zuwa makaranta. Allah ya tsare mu da iyalanmu.